An Dakatar da Mijinyawa

ƊALHATU: Hello? Salamu alaikum. Sa'adiya, kina ji na?

SA'ADIYA: Wa alaikumus salam. Wa ke magana? Lamba ba ta fito ba.

ƊALHATU: Yayanki ne, Ɗalhatu. Da kati nake kira. Na ga filashinki har sau uku, na ce ko ragon Sallah ne ya tsinke. Ina wuni?

SA'ADIYA: Au, Yaya! Ina wuni? Mun same ku lafiya?

ƊALHATU: Lafiya lau. Ya gida? Ya Umma da ƙafarta?

SA'ADIYA: Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ta ɗan kwanta.

ƊALHATU: Ya maigidanki? Ya Zariya?

SA'ADIYA: Duk lafiya. Ni ma ina gidan Umma tun shekaranjiya. Tun ɗazu maza suka tafi masallacin Juma'a, shi ne na ce bari in neme ka.

ƊALHATU: Mu nan tuni aka sauko, har mun yi la'asar. Kin kyauta da kika zo mata.

SA'ADIYA: Ya Dubai? Ya aiki?

ƊALHATU: Dubai na nan, gini a kan gini. Jiya daga ofis a Al Khabaisi zuwa Al Nahda sai da na kwashe awa biyu a mota. Ki dakata in fita baranda, Hamissou abokin zamana na soya albasa, filat ɗin duk hayaƙi. To, yanzu fa?

SA'ADIYA: Ya fi. Amma muryarka kamar ba daɗi, Yaya. Ko ka riga ka ji ne?

ƊALHATU: Na ji mana! Tun safe nake karantawa. Raina a ɓace yake wallahi.

SA'ADIYA: Inna lillahi. Wa ya gaya maka?

ƊALHATU: Intanet ta cika da shi. Besbol ta mutu, Sa'adiya.

SA'ADIYA: Fasfo? Me ya sami fasfon naka?

ƊALHATU: Ba fasfo ba, besbol! Ƙwallon sandar nan da na koyo kallo lokacin da nake karatu a Amurka.

SA'ADIYA: Oho. Wannan.

ƊALHATU: Jiya suka fitar da rahoto.

SA'ADIYA: Hoton wa?

ƊALHATU: Rahoto! Sunayen 'yan wasa sama da tamanin, wai duk sun yi amfani da magungunan ƙara kuzari. Kuma har da na ƙungiyar da nake goyon baya. Mutumin da na liƙa hotonsa a ɗakina shekara huɗu. Rigarsa mai lamba tana nan cikin akwatina yanzu haka.

SA'ADIYA: Yaya, ina so in gaya maka wata—

ƊALHATU: Bari ki ji abin takaicin. Ƙungiyarmu ta sani. Sun sani sarai! A watan jiya suka sabunta masa kwantiragi na shekara uku, suka sallami wani dattijon mai jefa ƙwallo da ya yi masu shekara goma sha ɗaya ba a taɓa jin ko tari daga gare shi ba. Wai ya tsufa. Ba tsufa ya yi ba, allura ce bai yi ba.

SA'ADIYA: Yaya—

ƊALHATU: Sai 'yan jarida! Su suka fi ba ni haushi. Shekara goma suna kallon mutum damtsensa na kumbura, wuyansa ya koma kamar na sa, suna rubuta wai atisaye ne da ƙwazo. Yau kuma duk sun zama alƙalai, kowa na cewa shi dama ya yi zargi. Ka yi zargi, ina ka rubuta?

SA'ADIYA: To su 'yan wasan me suka ce?

ƊALHATU: Abin da suka saba. "Ban san abin da aka ba ni ba." Ƙarya! Babba da kai, a ba ka abu ka zuba a cikinka ba ka tambaya ba? Ni a wurina duk wanda aka kama a goge sunansa, a karɓe kofunan, kada ma a saurare shi. Khalas, shi ke nan.

SA'ADIYA: Ka gama?

ƊALHATU: Ke fa kika tambaya.

SA'ADIYA: An dakatar da Mijinyawa.

ƊALHATU: An ɗauke shi? Alhamdu lillahi! Sansanin 'yan Olamfik ɗin? Ai na gaya maku yaron nan—

SA'ADIYA: Dakatarwa na ce, Yaya. An da-ka-tar da shi. An kore shi daga sansanin. Hello? Kana nan?

ƊALHATU: Ina nan. Wane Mijinyawan? Namu?

SA'ADIYA: Muna da wani ƙanen ne bayan shi?

ƊALHATU: Me ya yi? Faɗa ya yi da koci?

SA'ADIYA: Gasar da suka je Legas, wadda ya zo na ɗaya a mita ɗari takwas, ka tuna ka kira kana ta ihu? Bayan tseren sun karɓi fitsarinsa. Sakamako ya fito makon jiya. Sun ce akwai maganin ƙara kuzari a jikinsa.

ƊALHATU: Ba zai yiwu ba. Yaron da ko goro ba ya ci? Kuskure ne. Ai akwai gwaji na biyu.

SA'ADIYA: Ba su jira shi ba. A ranar suka karɓe rigunan tawaga da takalman gudu, suka sa direba ya ajiye shi a tasha. Da silifas ya shigo gidan nan.

ƊALHATU: Kocinsa fa? Mutumin da ke zuwa cin tuwon Umma duk Sallah?

SA'ADIYA: Ba ya ɗaga waya. Kuma su biyu aka samu, Yaya. Ɗayan ɗan wani babba ne a can, an ce masa ya je gida ya yi jinyar cinya. Har yau ba wanda ya ji sunansa. Na Mijinyawa kawai suka miƙa wa 'yan rediyo.

ƊALHATU: Rediyo? Har ya kai rediyo?

SA'ADIYA: A nan Umma ta ji. Ya ɓoye mata, ya ce hutu aka ba su. Ranar Talata tana tsintar shinkafa, shirin wasanni na yi, sai ta ji an ce, "Ɗan tseren nan namu an kama shi da ƙwaya." Da sunansa, da sunan Baba, da unguwa. Farantin ya kife a ƙasa.

ƊALHATU: Wa ya faɗa? Wane ne mai shirin?

SA'ADIYA: Wanda ya zo bara da rakoda, ya zauna a tabarmar Umma, ya raɗa masa Barewar Zazzau. Shi. Har yana cewa dama ya lura idanun yaron sun canja.

ƊALHATU: Allah ya isa! Munafiki!

SA'ADIYA: Kuma ka san mutanenmu. Ba wanda ya san wani ƙara kuzari a Tudun Wada. Ƙwaya suka ji. Jiya ya je shagon Malam Hadi sayen sabulu, mutumin ya tsaya yana yi masa nasiha a gaban jama'a, wai ya ji tsoron Allah ya bar shaye-shaye. Matan da ke shigowa gaida Umma kamar ta'aziyya suke zuwa.

ƊALHATU: Ki ba ni lambar gidan rediyon. Wallahi sai na—

SA'ADIYA: Ba wannan ya sa na neme ka ba.

ƊALHATU: To mene ne?

SA'ADIYA: Maigidana ya kai shi wurin wani abokinsa likita. Likitan ya ce ya kawo duk abin da yake ci da sha. Ba komai sai shayi da fura da ƙwai. Sai gwangwani ɗaya.

ƊALHATU: Wane... layin na rawa, me kika ce?

SA'ADIYA: Gwangwani. Baƙi, mai jan murfi. Garin da ake damawa da madara. Wanda ka ba Hajiya Balki ta kawo cikin kayanta kafin azumi.

ƊALHATU: Wannan ai furotin ne kawai. Abincin gina jiki. Kowa na sha a nan.

SA'ADIYA: Likitan ya ce rubutun jikinsa ba Turanci ba ne, ba Larabci ba. Amma can ƙasa akwai wasu ƙananan haruffa da ya iya karantawa. Ya ce sunan abin da aka samu a fitsarin ke nan.

ƊALHATU: La ilaha illallahu.

SA'ADIYA: Kullum da asuba cokali biyu, kamar yadda ka rubuta masa a takarda. Ko ranar da ba ya jin daɗi sai ya sha, wai kada Yaya ya yi wahalar banza.

ƊALHATU: Ya gaya masu? Ya ce ni na aiko?

SA'ADIYA: Abin da ka fara tambaya ke nan?

ƊALHATU: A'a, ina nufin... ki fahimce ni.

SA'ADIYA: Bai faɗa ba. Sun tambaye shi sau uku, ya ce a kasuwa ya saya, ya manta shagon. Shi ya sa suka ce maƙaryaci ne. Ranar Litinin zai zauna gaban kwamiti. Likitan ya ce in aka nuna inda abin ya fito, da shaidar cewa bai san abin da ke ciki ba, za su iya sassauta masa zuwa 'yan watanni. In ba haka ba, shekara biyu. Shekararsa ashirin da shida, Yaya. Ka fi ni sanin abin da shekara biyu ke nufi ga mai gudu.

ƊALHATU: To me ake so in yi?

SA'ADIYA: Takarda. Ka rubuta cewa kai ka saya, da sunan shagon, da ranar, ka sa hannu, ka turo ta na'urar faks. In rasit na nan ka haɗa.

ƊALHATU: Da sunana?

SA'ADIYA: Da na wa?

ƊALHATU: Sa'adiya, ba ki san garin nan ba. Nan ba a wasa da maganar magani. Mutum na iya shiga uku a kan abin da a gida ake sayarwa a tire. In takardar nan ta zaga ta dawo, cewa na sayi haramtaccen abu na fitar da shi ƙasar waje, biza ta tafi, aiki ya tafi. Fasfona ma yana hannun kamfani. Hajiya Balki kuma na jefa ta cikin masifa.

SA'ADIYA: Wato ba za ka rubuta ba.

ƊALHATU: Ban ce haka ba. Shwaiya shwaiya, a bi a hankali. Bari in tambayi wani lauya a ofis ranar Lahadi.

SA'ADIYA: Kada ka yi mini Larabci. Litinin na ce maka. Ɗazu kana ta kumfar baki a kan wasu Turawa da ba su san da zamanka a duniya ba, wai a goge sunansu. To ga sunan Baba ana gogewa a Tudun Wada.

ƊALHATU: Wannan daban.

SA'ADIYA: Ina bambancin? Tsaya ma. Zan tambaye ka abu ɗaya, don girman Allah ka gaya mini gaskiya. Ka san abin da ke cikin gwangwanin?

ƊALHATU: Ban sani ba.

SA'ADIYA: Yaya.

ƊALHATU: Na rantse ban san sunansa ba.

SA'ADIYA: Ba sunansa na tambaye ka ba.

ƊALHATU: ...Wani ɗan shago ne a unguwar Hor Al Anz, kusa da gidan motsa jiki. Na ce ina neman abin da zai taimaki ƙanena, ɗan tsere ne. Ya ɗauko farin gwangwani daga kan kanta, ya ce wannan na kowa da kowa ne. Sai ya duƙa ya zaro baƙin daga ƙasa. Ya ce, "Habibi, wannan shi masu son cin gasa ke sha."

SA'ADIYA: Sai ka ce me?

ƊALHATU: Na ce wanne ya fi aiki.

SA'ADIYA: Ba ka tambaye shi me ya sa yake ɓoye shi a ƙasa ba?

ƊALHATU: Ban tambaya ba.

SA'ADIYA: Kai da ka san sunan kowace allura da 'yan ƙwallon sandarka ke yi.

ƊALHATU: Na gaji ne, Sa'adiya! Shekara uku yana zuwa na huɗu. Na huɗu, na huɗu, na huɗu. Ina ganin waɗanda ke gabansa, na san ba tuwo kaɗai suke ci ba. Yaron na tashi tun kafin kiran salla yana zaga filin makaranta, ƙafarsa duk kanta, ba wanda ya san da shi. Na ce sau ɗaya dai shi ma ya hau kan dakalin nan a rataya masa abu a wuya. Ban zaci a gida suna gwaji da gaske ba.

SA'ADIYA: Da ka gaya masa ya zaɓa da kansa.

ƊALHATU: Da bai sha ba.

SA'ADIYA: Na sani. Kai ma ka sani, shi ya sa.

ƊALHATU: Kada ki gaya wa Umma. Don Allah. Hawan jininta—

SA'ADIYA: Ba ni zan gaya wa kowa ba. Ga ƙarar ƙofa, an sauko daga masallaci. Mijinyawa! Zo, ga Yaya Ɗalhatu a waya.

ƊALHATU: A'a, tsaya, Sa'adiya, ba yanzu ba, ki bari in—

SA'ADIYA: Ka faɗa masa da bakinka. Karɓi.

MIJINYAWA: Salamu alaikum. Yaya, ina wuni? An yi Juma'a lafiya?

ƊALHATU: Lafiya... lafiya lau, Mijinyawa. Ya... ya haƙuri?

MIJINYAWA: Alhamdu lillahi. Na ce Yaya Sa'adiya kada ta tayar maka da hankali kana bakin aiki, ba ta ji ba. Yaya, ka yafe mini, na sa an ambaci gidanmu a rediyo.

ƊALHATU: Kai, kada ka ce haka.

MIJINYAWA: Kuma maganar garin nan, kada ka sa ta a ranka. Na san cutar ka mai shagon ya yi, ya ga baƙo ne. Ban faɗi sunanka ba, kuma ranar Litinin ma ba zan faɗa ba. Kai ke riƙe da gidan nan. Ni gudu ne kawai.

ƊALHATU: Mijinyawa, ka saurara. Garin nan... lokacin da na je shagon...

MIJINYAWA: Na'am, Yaya. Ina ji.

ƊALHATU: Na ce... Hello? Layin ba kyau. Ba na jin ka sosai. Zan sake kira.

MIJINYAWA: Ni kuwa ina jin ka tar, Yaya, kamar kana tsakar gida. Ci gaba. Yaya? Yaya Ɗalhatu? Hello?