Ciyawar Cikin Ɓargo

A tashar Kura, Baballe manomin rani na riƙe da takardar asibiti, sai dariya yake shi kaɗai, har wani dattijo da ke kusa da shi ya kasa haƙuri.

"Ɗan nan, lafiya?"

"Baba, matata ce! Sankarar jininta ta dawo bara. Likita ya ce tushenta ya ɓuya a ɓargo, ya canza hali, ya daina jin maganin farko."

"Kamar ciyawar shinkafa? Ka fesa, ta ƙone, saiwar ta sake tofo?"

"Haka na ce! Na ce, likita, canza feshi!"

"Kai ka koya wa likita aiki?"

"Ashe tuni ya canza! Yau gwaji ya fito fes!"

"To, saiwar fa?"

Baballe ya ninke takardar. "Baba, bar ni in yi dariyar yau."