Jakin Tambaya da Baƙon Fada

Ran kasuwar Tambuwal, Tambaya ta sauke dawar da ta kawo daga Fakku ke nan, sai wani mai ƙaton rawani ya kama igiyar jakinta.

"Ke ɗiyar ƙauye, jakin ga ya zama na jihadi. Hatsi za shi kai ribaɗi, sansanin mayaƙa, Kabawa sun taso."

"Ranka shi daɗe, wa yac ce?"

"Ni nic ce. Daga Sakkwato nike, ƙofar fada. Ƙasag ga duk, tun daga gulbi har dajin Kebbe, maganata aka ji."

Tambaya ta dubi ƙafarsa, duk faso, ba doki, ba bara. Jakin nan kuwa shi kaɗai gare su a gida.

"Ashe babban baƙo munka yi ba a sani ba! Wanga abin kunya na ga Tambuwal." Ta juya ta kwaɗa kira. "Maroƙa! Ku taho ga na fada, mai kyautar riguna!"

"Ke! Rage murya!"

"Haba, girmanka ya wuce raɗa. Makaɗa, ku kawo kalangu!"

"Ban son kiɗi, ni malami na!"

"To su yi da baki. Ba su dai tashi sai an tuɓe musu wani abu."

Kafin ya amsa, maroƙa sun kewaye shi, ɗaya har ya kama bakin rawanin yana yabon saƙarsa. Mutumin ya saki igiya, ya dafe kansa da hannu biyu, ya soma neman hanya.

"Jakin fa, ranka shi daɗe?"

"Ya cika rama! Jihadi ba shi son irinai!"

"Allah sarki," in ji Tambaya, tana naɗe igiyarta. "Bari in ba shi haƙuri, ya so zuwa."