Shago Mai Koren Ƙyaure

A ɗakin jira na wani asibiti a unguwar Maamobi, wani mutum ya zauna kusa da wata dattijuwa, ya gaishe ta da ƙarfi.

"Malam, rage murya, nan ba tasha ba ce."

"Yi haƙuri, Mma, ba na jin kaina. Kunnen hagu ya mutu, na dama ma sai a hankali. Shekara sha huɗu ina sayar da sifika da kayan kallon fim na gida a Nima."

"Dole ne sai kun ƙure sauti?"

"Mutanenmu ba sa saye sai sun ji ƙirjinsu na rawa. In na rage, su wuce shagon gaba."

"Wane shago ne naka?"

"Mai koren ƙyaure, a bakin gota, babbar magudanar ruwan nan. Sunana Jalilu, kowa ya san ni."

Ta juyo ta dube shi sosai.

"Ashe kai ne. Ɗakinmu na jingine da bangonka ta baya. Maigidana, Alhaji Muftahu, wata bakwai ya yi a kwance. Sau uku na aika a roƙe ka."

"An faɗa mini, Mma. Na ɗauka ƙorafin maƙwabta ne kawai. Ya jikin nasa?"

"Ya rasu ranar wata Laraba da azahar. Yana ta motsa baki, na kai kunnena har kan leɓensa. Kai kuma kana gwada wa wani fim, harbe-harbe kawai ke tashi."

"Innalillahi. Me ya ce?"

"Ban ji ba, Jalilu. Har yau ban sani ba."