Babban Firist na Bagudo

Wata Asabar a tashar Bagudo, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, wani dattijon Bafulatani, Namadi, ya tura wa baƙon da ke gefensa kofin shayi. Baƙon, Bamidele, malamin asibiti ne, yana rungume da dogon burodin da ake kawowa daga Jamhuriyar Benin.

"Na gode, baba. Cocinmu ya hana shayi."

"Wane coci ne wanga?"

"Mormon. Ni da ka gani babban firist ne. A kudu aka ɗora mini hannu, aka naɗa ni."

"A'a! Ranka ya daɗe. Ina rigar sarautar?"

"Babu riga. Albashi ma babu."

"Jama'arka fa?"

"Matata Morenike, ita kaɗai. Ran Lahadi in gutsura burodin nan, in sa albarka, in yi wa'azi tana gyangyaɗi. Yanzu ta ce gobe cocin Baptist za ta, can akwai ganga da mata 'yan'uwanta. Ka ga sai in yi wa kujera wa'azi."

Namadi ya yi dariya. "Ni a da shanu arba'in gare ni, ciwo ya bar mini guda. Har yau Arɗo ake ce mini."

"To, yaya kake yi da saniyar?"

"Inda ta nufa nan nake bi. Mai saniya guda ba shi ke zaɓen makiyaya ba."

Bamidele ya daɗe yana kallon burodin. Ya karya shi biyu, ya miƙa masa rabi.

"Ci, Arɗo. Gobe babban firist ɗan rakiya ne."