Ƙullutun Alhaji Mijinyawa da Ƙuri'ar 'Yan Kasuwa

Assalamu alaikum.

Mai girma shugaban wannan zama, Malam Modibbo. Uban gayya, Alhaji Mijinyawa, babba a layinmu na 'yan hatsi. Uwargida Hajiya Yelwa da ke saurarenmu daga cikin gida. 'Yan'uwana 'yan kasuwa, manya da ƙanana. Waɗanda aka gayyata, da waɗanda ƙamshi ya jawo tun daga Tirwun: barkanmu da wannan walima ta murnar samun lafiyar Alhaji.

Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana, musamman da aka bari sai da na ƙoshi.

Zan fara da yabo. Jama'a, Allah ya albarkaci kasuwarmu da likitoci. Babu asibitin da ya kai mu yawansu, babu wanda ya kai mu saurin aiki. Ranar da Alhaji ya dawo da hoton cikinsa, aka ce an ga ƙullutu mai ruwa a jikin wata tsoka da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, kafin azahar hoton ya zaga rumfuna, kowa na ɗaga shi yana dubawa a hasken rana kamar mai duba shadda. Hamma mahauci ya ce, "Alhaji, tun ina yaro nake feɗe shanu, wallahi wannan kitse ne." Irmiya mai gyaran rediyo ya ce, "Kitsen me? Datti ne a gilashin na'urarsu, su goge." Da gardama ta yi zafi, sai muka yi abin da muke yi in farashin gero ya rikice: aka ce a ɗaga hannu. Masu cewa lafiya lau suka yi rinjaye. Da ƙuri'a muka warkar da Alhaji, ga ragon shaida nan a cikinmu.

Abu na biyu, ni na tuƙa Alhaji zuwa asibiti ran nan, ina zaune likita ya yi bayani, kuma kunnena ƙalau. Ya ce irin wannan ƙullutu kala-kala ne. Akwai mai ruwa tsarwai, wanda a hoto kan fito kamar saƙar zuma. Yawanci shi ba ruwansa da kowa, sai mutum ya tsufa da abinsa. Akwai kuma mai ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Wannan yakan yi shekaru shiru, wata rana ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Ya ce hoton farko ya nuna akwai baƙo a gidan, amma bai nuna halinsa ba. Sai an shigar da mutum babbar na'urar nan mai kama da rami, a ga kaurin bangon ƙullutun, a ga ko akwai tsiro a cikinsa, a ga ko ya haɗu da magudanar tsokar. In an yi shakka, a zura siririn bututu ta baki, a ɗebo ruwan da allura a gwada. Ya ce, "Baba, ka dawo." Alhaji ya ce, "To, ɗana, insha Allahu." Tun gero bai fitar da kai ba aka yi wannan insha Allahu, yau ga shi an yi girbi.

Abu na uku, Alhaji, da kai nake, kuma ka yafe mini, a gabanka na koyi ciniki. Kai ne mutumin da bai taɓa sayen buhu don kyan bakinsa ba. Sai ka soka masa ƙarfen zaro hatsi a sama, ka soka a tsakiya, ka sa a kifa shi ka soka a gindi, ka murza, ka shinshina, ka tauna. Na ga ranar da ka mayar da mota guda ta dawa saboda ƙwaro ɗaya, direba na rantsuwa kana cewa, "Rantsuwa ba ta shiga buhu, ƙarfe ke shiga." To yau buhun naka ne, kuma shi kaɗai gare ka, amma ka karɓi shaidar Hamma daga waje.

Na san tsoro ne. Ni ma da aka ce mini rami, sai da na tuna kabari. Amma wannan ramin ana fitowa, har a ba ka takalmanka. In an ce mai lafiya ne, mu sake cin wani ragon da hujja. In an ce ɗayan ne, an kama shi tun yana ƙarami, lokacin da likita ke da abin yi. Hajiya ta aiko in faɗa maka ba ta taɓa naman nan ba, kuma ba za ta taɓa ba sai ka koma wajen likita.

Allah ya ba Alhaji lafiya ta gaske. Allah ya ƙara wa Hamma shanu, ya rage masa marasa lafiya. Allah ya mai da kowa gidansa cikin aminci, daga Ƙofar Dumi har Tirwun. Na gode.

Sai dai kafin a watse, Alhaji, ranar Litinin da safe motata za ta tsaya a ƙofar gidan nan. Da ƙafarka za ka shiga, ko shi ma sai mun ɗaga hannu?