Na Yi Wa Ubangiji Faɗa a Bakin Tafkin Betasda

'Yan'uwa, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Rifkatu, a unguwar Withington nake zaune, nan Manchester. Waɗanda suka daɗe a zumuntar nan sun san ni ce mai jan waƙa a da, sun kuma san lokacin da na ɓace.

Bayan rasuwar maigidana, Istifanus, komai ya fita daga raina. In na dawo daga shift a wurin aiki sai in ja labule in kwanta. Abinci ba daɗi, addu'a ta ƙi fita. Likitana, wato GP, ya ce depression ne, ciwon damuwa, ya rubuta mini magani, na jefa a durowa. Duk wanda ya bugo waya ya ce mini "ki yi haƙuri," sai in ji kamar in yi jifa da wayar.

Rannan sai ga yayata Saratu daga Edgbaston, har ƙofar flat ɗina, ba ko sanarwa. Ta ce, "Cocinmu za su Ƙasa Mai Tsarki, na sa sunanki."

Na ce, "Yaya, Rusholme ɗin nan da ke kusa da mu ma na kasa zuwa sayen attarugu, Urushalima za ki kai ni?"

Ta ce, "Ke dai ɗauko passport."

Kai, tafiyar nan ta gwada ni! Tun da asuba muna cikin coach, babbar motar da ke yawo da mu. Mai yi mana jagora yana ɗaga tuta yana "quickly, quickly," kamar awaki yake kora. A Baitalami mun yi layi har ƙafafuna suka kumbura, da na isa wurin da aka haifi Almasihu, ko durƙusawa ban gama ba aka ce in matsa. A Kogin Urdun kowa na hawaye yana cika gora, ni ruwan laka kawai na gani. Yaya kuwa sai hoto! "Rifkatu, yi murmushi mana, matan zumunta za su gani." Murmushin me?

Ranar da muka je tafkin Betasda na kai maƙura. Na zaci ruwa zan tarar, ashe rami ne mai zurfi, da tsofaffin duwatsu da ciyawa. Fasto ya fara ba da labarin majinyacin nan da ya yi shekaru kwance a wurin, ba mai saka shi cikin ruwa, har Yesu ya zo ya warkar da shi. Na bar su, na sami dutse na zauna, na ce ba inda zan ƙara zuwa.

A nan na yi addu'a, in ma za a kira ta addu'a. Faɗa na yi. Na ce, "Ubangiji, wannan ka zo ka same shi har inda yake kwance. Istifanus fa? Ya bauta maka, ya cika a asibiti ina maƙale cikin bus a Wilmslow Road! Ni kuma ka kwaso ni in zo in kalli duwatsu?" Da ƙarfi na faɗa, har Turawa suna waiwaye.

Ban ji wata murya daga sama ba, 'yan'uwa. Amma kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza, shi ne ya ɓalle mini. Yaya ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta riƙe hannuna. Sai muka ji waƙa daga tsohon cocin da ke gefen tafkin, wasu masu ziyara ne, kuma da Hausa! Ashe 'yan Jos ne. Ban san lokacin da bakina ya kama waƙar ba. Muryar a dishe take, amma ta fito. Halleluya!

Da na dawo Manchester na koma wurin GP, na fara shan maganin, na kuma yarda in riƙa zuwa counselling, wurin mai ba da shawara. Har yanzu akwai ranaku masu nauyi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ina ci, ina barci, ga ni tsaye gabanku.

Na gode wa Yesu da bai kore ni ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in fushi ne kaɗai ya rage muku, kada ku jira sai ya huce. Ku kai masa shi da zafinsa. Ni na kai nawa, ya karɓa. Amin!