Takardar Hamida

A kasuwar Aliero, dattijo mai albasa ya miƙa wa baƙuwar da ke ciniki wata takarda.

"Malama, duba min abin da makaranta ta rubuto kan ɗiyata Hamida. Kwana biyu ban kula ta ba, na ɗauka ƙararta suka kawo."

"Haba Baba, yabo ne! Sun ce 'she goes the extra mile'."

"Mi ke nan?"

"In an sa ta aiki, sai ta gama, ta ƙara da wanda ba a sa ta ba. Kamar ka cika min kwano, ka yi gyara."

"Allahu akbar! Hamida tawa?"

"Ita fa. To, ina nawa gyaran?"

"A'a Malama, wannan halin wajen uwarta ta gado shi."